Tabar Delbert a Barandar Jirgi

Mijin yayata, Delbert Haskins, bai taɓa jin an ambaci wani aiki a duniya ya ce bai iya ba. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya yi a garinmu Lufkin har ya yi ritaya, kuma tun daga nan ya ɗauka iskar duniya kaf a ƙarƙashinsa take aiki. Ko a wurin jana'iza ka zauna kusa da shi, sai ya ɗaga kai ya dubi silin ya raɗa maka inda aka yi kuskure. Ni dai na daɗe da sanin bakinsa ya fi hannunsa ƙwarewa, amma yayata Nadine ta ce in bar mata kayanta.

Abu ɗaya ne ke cin Nadine a rai. A ofishin alƙali aka ɗaura aurensu, lokacin hutun cin abincin rana, Delbert cikin kayan aiki yana warin sigari, ita kuma cikin rigar zuwa coci. Ba farar riga, ba hoto. Duk gidan da ta shiga ta ga hoton aure a bango, sai ta tsaya kallo har shayinta ya huce. Shi ya sa da suka cika shekara arba'in tare, ta shirya musu sabunta alkawarin aure a gaban kyaftin, cikin jirgin ruwan yawon shaƙatawa da ke tashi daga Galveston. Ta sayi farar riga mai duwatsu a wuya, ta ɗauko ni in riƙe mata fure. Abin da ta roƙi mijinta bai da yawa: ya bar ta ta sami hotonta lafiya.

"Hoto kawai?" in ji Delbert. "Ni zan nuna wa mai hoton inda zai tsaya."

Ɗakina yana manne da nasu ta ɓangaren gaban jirgi, kuma mai gyaran ɗakunanmu, Renato, ya buɗe mana allon da ya raba barandata da tasu. Saboda haka duk abin da zan faɗa, a kan idona aka yi shi.

Delbert ya bar sigari tuntuni, amma ya taho da wata taba guda ɗaya da abokan aikinsa suka ba shi ranar da ya yi ritaya, irin ta ganye zalla, mai kaurin ayaba. A barandar ɗakinsa ya yi niyyar shan ta, yana kallon teku kamar mai jirgin. Sai ga doka: ba a shan taba a baranda, sai a wani lungu can saman jirgi kusa da inda ake tara tawul masu datti. Delbert ya ɗauki wannan a matsayin cin mutunci.

A teburin cin abincin dare ya sauke maganar. Teburi ɗaya aka haɗa mu da Madam Odessa, shugabar mawaƙan coci daga Louisiana, wadda ɗakinta ke bin nasu ta ɓangaren baya, da wani dattijo Vernon da matarsa Gladys, waɗanda ɗakinsu ke ƙarƙashin nasu daidai.

"Barandata ce," in ji Delbert, yana nuna mu da cokali. "Iskar da ke waje kuma ba ta kamfani ba ce, ta Ubangiji ce."

"Huhuna ma nasa ne," in ji Madam Odessa, ko ɗago kai daga kifinta ba ta yi ba. "Ajiya ya ba ni."

"Madam, hayaƙi ba da kansa yake tafiya ba. Inda aka tura shi yake zuwa. Ni nan da kike gani, aikina ke nan tun ina saurayi."

"Ni kuma aikina, ranar Lahadi nake gane wanda ya sha taba ranar Talata a cikin mawaƙana. Ko a layin baya ya tsaya."

"Mu ne a ƙasanku fa," in ji Gladys. "Mutum ya jefa guntun taba a teku, iska ta dawo da shi barandar wani, shi ke nan sai gobara. Mu da ba mu ci ba mu sha ba."

"Wanda bai san iska ba ke yin haka."

Vernon, wanda likita ya raba shi da taba ba da son ransa ba, ya matso ya yi ƙasa da murya. "Wace iri ce tabar? Mai duhu ce?"

Aka ji ƙarar takalmi a ƙarƙashin teburi, Vernon ya koma kan dankalinsa.

Da muka tashi, Delbert ya ja ni gefe ya buɗe mini cikinsa. Zai shanye tabar nan kakaf a barandarsa ba tare da hanci ɗaya ya ji ba. Ranar ƙarshe kuma, da kyaftin zai zauna amsa tambayoyin fasinjoji, zai miƙe ya ɗaga guntun a gaban kowa, dokar ta rushe da kanta.

"Rhonda, sunana za su sa wa sabuwar dokar."

"Sunanka dai za su rubuta," na ce, "ban dai san a ina ba."

Na kai wa Nadine labari. Ta yi dariya tana shafa rigarta. "Baki ne kawai, kin san shi."

Washegari da hantsi, Nadine ta tafi wasan bingo, Delbert ya fito baranda cikin gajeren wando mai hotunan aku. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya rufe ido ɗaya.

"Jirgi yana gaba, iska tana baya. Hayaƙi zai bi gefen jirgi ya wuce abinsa."

"Bayan nan barandar Madam Odessa ce," na ce daga kujerata.

"Ta samanta zai bi."

Ya ƙyasta ashana, iska ta kashe. Ya ƙyasta wata, ta kashe. Mutumin da ke ba iska umurni sai ga shi a tsugune bayan kujera, kansa tsakanin gwiwoyi, yana roƙon ta da ta dakata. Kwalin ya kusa ƙarewa kafin wuta ta kama. Ya miƙe ya ja zuƙa ɗaya, ya fesar yana murmushi, iskar ta cire masa hula ta yi gaba da ita. Bai gama bin hular da kallo ba sai ga kan Madam Odessa ya leƙo ta gefen allo, gashinta cike da robobin naɗi.

"Mista Haskins, wani abu yana ƙonewa."

Delbert ya cusa hannu a aljihu, tabar da wutarta. "Bututun jirgi ne, madam. Injin yana ɗan shan wahala, na ji tun jiya."

"Bututun jirgin ne ya sa wando mai aku?"

Hayaƙi ya fara fitowa ta cinyarsa. Ya daure, ya daure, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya, sannan ya zaro tabar ya tsoma ta cikin kofin shayina. Madam Odessa ta dubi kofin, ta dubi ramin da ke wandonsa, ta ce Allah ya ba injin lafiya, ta maida kanta.

Ya shanya tabar a kan fitilar gefen gado ta bushe. Ya ce gwajin farko ya yi kyau, ya gano yanayin wurin.

Gwaji na biyu, rumfa ya kafa. Duk mai hawan irin wannan jirgi yana zuwa da ƙugiyoyi masu maganaɗisu, saboda bangon ƙarfe ne, a rataye hula da kayan wanka. Delbert ya tattara nasu da nawa, ya yaye zanen gado, ya kewaye rabin baranda da shi ya shige ciki. Dabarar ita ce hayaƙin ya taru a wuri ɗaya, ya riƙa sakinsa kaɗan kaɗan.

"Kina jin wani wari?" ya tambaya daga ciki.

"Ina jin tari dai."

"Tarin gwaji ne."

Zanen ya fara kumbura. Ya yi ciki, ya ƙara, ƙugiyoyin suka riƙa sulalewa a jikin bango suna kuka. Sai iska ta kwashe shi gaba ɗaya, ya tashi da hayaƙinsa a ƙunshe, ya zagaya allo ya sauka a barandar baya. Madam Odessa tana tsakiyar gwajin murya a lokacin. Waƙar ta tsaya cak.

Da yamma ta zo teburi da zanen a ninke tsaf, ta ajiye shi a kan farantin Delbert. Nadine ta dubi zanen ta dubi mijinta.

"Iska ce ta ɗauke shi, ina shanya," in ji shi.

"Me ya jiƙa shi?"

"Laimar teku."

Kafin a kawo kayan zaƙi, wani jami'in tsaron jirgi cikin fararen kaya ya tsaya a kansa, ya sunkuya cikin ladabi.

"Yallaɓai, akwai kyamara a gefen jirgi, mun ga komai, har da hular. Idan aka sake, a tasha ta gaba za ka sauka."

Nadine ta ajiye cokalinta. "Delbert, gobe ne fa. Gobe kawai. In an ɗauki hoton, ka cinye tabar ma in kana so."

"Na yi miki alkawari ba wanda zai ƙara jin warinta," ya ce, hannu a ƙirji. Ni kaɗai na lura bai ce ba zai ƙara kunna ta ba. A hanyar komawa ɗaki ya raɗa mini cewa sun tsorata, tunda har suka aiko jami'i.

Ranar sabunta alkawari jirgi yana tsakiyar teku, kuma ita ce ranar da kowa ke cin ado don abincin dare. Bayan azahar Nadine ta ciro rigarta daga jaka ta rataye a ƙofar kwaba don ta saki, ta tafi gyaran gashi. Ƙofa na rufuwa Delbert ya ja akwatinsa ya zazzage. A can ƙasa, ƙarƙashin kamfai, akwai doguwar mesa ta injin busar da tufafi da ƙaramar fanka mai batir. Ashe tun daga Lufkin ya shirya.

"Waɗancan biyun wasa ne," in ji shi. "Yanzu za ki ga aiki."

Ya liƙa fankar a bakin mesar da salatif, ya zura ɗaya bakin ta kan ƙarfen baranda ya sake shi ƙasa. Ya kunna tabar, ya ja, ya hura cikin fankar. Ba zan yi masa ƙarya ba, abin ya yi aiki. Hayaƙin ya bi mesa ya ɓace, Madam Odessa tana can tana waƙarta ba ta ji komai ba. Delbert ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya dube ni irin kallon da ya daɗe yana ajiye mini.

Sai muka ji wata murya daga ƙasa, a hankali, cike da godiya.

"Ko kai wane ne, Allah ya saka maka. Ƙara kaɗan."

Vernon ne. Bakin mesar a barandarsa ya sauka, daidai kujerarsa.

Ƙofar ƙasa ta buɗe. "Vernon, me nake gani yana fita ta hancinka?"

"Daga sama yake zuwa, Gladys."

"Daga sama. To bari in ga mala'ikan."

Mesar ta miƙe tsam. Gladys ƙarama ce amma ta yi kiwon shanu, ta fizgi mesar, Delbert ya tashi daga kujera ba shiri. Ya rungume fankar ya ja, ta ja. Ya ja da baya yana neman wurin kafa ƙafa, ya ture ƙofar gilashi ta buɗe gaba ɗaya, ya shiga ɗaki da baya, tabar a baki tana ci.

A daidai nan Renato ya ƙwanƙwasa, ya ce ya kawo furen amarya, ya sa makullinsa ya buɗe.

Ko jariri a jirgin nan ya san ba a buɗe ƙofar baranda da ƙofar ɗaki lokaci guda. An ma manna gargaɗin a jikin gilashin. Iskar teku ta shigo da ƙarfinta ta ratsa ɗakin ta nufi layin ɗakuna, ta kwashi labule, da takardu, da giwar tawul da Renato ya naɗa a kan gado. A can ƙasa Gladys ta saki mesar. Ta dawo sama tana wutsilniya, ta faɗo cikin ɗaki, duk hayaƙin da ke cikinta ya tuttulo a kan farar rigar Nadine.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji Delbert. "Wannan aikina ne."

Ya fizgi rigar da hangarta, ya haye gado da takalmi. Ya ce in ya rataye ta a bakin na'urar sanyi, kafin Nadine ta dawo warin ya fita. Kusa da na'urar akwai wani ɗan ƙarfe a silin, wanda ke feso ruwa idan gobara ta tashi, a gefensa kuma an zana hanga an ja mata jan layi.

"Delbert, dubi alamar nan," na ce.

"Ta 'yan koyo ce."

Ya maƙala hangar. Wani abu ya ce ƙas.

Ruwan da ya fara fitowa ba fari ba ne. Ya daɗe a kwance cikin bututu, baƙi ne mai warin tsatsa, kuma rigar ce ta fara karɓarsa. Ƙararrawa ta kama kuka. Kwabar a buɗe take, akwatuna a buɗe, komai ya sha. Renato ya ɗaga furen sama da kansa ya ja da baya. Ruwa ya bi ƙafarsa ya fita layi, inda mutane ke wucewa cikin kwat da dogayen riguna za su wurin ɗaukar hoto. Suka tsaya, suka taru, na baya suna ɗage. 'Yan kwana-kwanan jirgi suka ratso su da hulunan ƙarfe da tukwanen iska a baya, suka cika ƙofa, suka tarar da gobarar: wani dattijo a tsaye kan gado sharkaf, riga a hannu, jiƙaƙƙiyar taba a baki.

Madam Odessa ta leƙo cikin doguwar riga ruwan shanshanbali. "Mista Haskins, wannan karon ban ji wari ba. Ka ci nasara."

Gladys ta iso riƙe da kunnen Vernon. "Ga mala'ikanka nan."

Sai taron ya dare. Nadine ce, gashinta a gyare kamar ba ita ba, har da ƙananan furanni a ciki. Ta tsaya a bakin ƙofa ruwa yana bin takalminta. Ta dubi rigar, wadda yanzu ta koma launin ruwan wanke-wanke.

"Delbert, mene ne a bakinka?"

Ya cire tabar ya duba kamar yau ya fara ganinta. "Nadine, matsalar ƙofa ce. Da sun tsara iskar ɗakin nan yadda ya kamata..."

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta karɓi rigar daga hannunsa ta matse ta a hankali, ta wuce ɗakina. Na yi shekaru ina yi wa mutumin nan dariya, amma ranar nan dariya ta ƙi zuwa. Tausayin yayata ya kama ni har sai da na ji kamar in jefa shi a teku da kaina.

Kyaftin bai sabunta alkawarin kowa ba. Saƙo ya aiko: da safe idan an tsaya a tashar Cozumel, Mista Haskins zai sauka da kayansa, matarsa kuwa ba ta da laifi.

Da gari ya waye jami'ai biyu cikin fararen kaya suka zo tafiya da shi. Tufafin Nadine duk suna wurin wanki, nawa kuma ba sa shigarta, don haka rigar wankan jirgi ce a jikinta, fara tas har ƙasa. Ta zauna a bakin gado har muka ji ƙafafunsu sun wuce. Sai ta miƙe, ta gyara furannin gashinta, ta ɗauki furen da Renato ya ceto.

"Taso, Rhonda."

Muka same su a gindin matakalar sauka. Delbert yana jan akwati yana ɗigar ruwa, jami'i a dama jami'i a hagu, yana yi musu bayanin yadda za su gyara jirginsu. Labari ya riga ya zaga, barandun jirgin daga sama har ƙasa cike da kawuna. Mai hoton jirgi kuwa yana nan inda yake tsayawa kullum, tare da wani da ya sa kayan aku, suna tare duk wanda ya sauko.

Nadine ta tafi kai tsaye ta saƙala hannunta a nasa. Daga can sama Madam Odessa ta gane abin da ake ciki, ta ɗaga murya da waƙar aure, barandu suka amsa.

"Delbert Haskins, za ka sake ɗaukata?"

"Nadine, ki bari in yi miki bayani, ita iska idan ta..."

"E ko a'a."

Ya dube ta cikin rigar wanka, ya dubi furen. "E."

"Ni ma haka. Yi shiru ka kalli mai hoto."

Ya yi shiru. Hasken kyamara ya walƙa.

Ta zare hannunta, ta cire tabar daga aljihun rigarsa ta miƙa wa jami'in dama, ta gyara masa kwala. "Sai mun haɗu a Galveston. A jirgin sama ma ba a shan taba, kada ka gyara musu."

Muka koma sama muka ƙarasa yawonmu mu biyu. Madam Odessa ta ara wa Nadine riga, Vernon kuma ya riƙa tambayar ko an san inda aka kai mesar.

Hoton yana bangon falonsu yanzu, babba, a inda kowa zai gani: amarya cikin fararen kaya da fure, ango a jiƙe, abokan ango biyu cikin farin yunifom, ga aku a gefe ya ɗaga babban yatsa. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya kallo har shayinsa ya huce, Delbert kuma ya matso ya ce shi ya nuna wa mai hoton inda zai tsaya. Na taɓa tambayar Nadine ko ba ta so a sake wani da riga ta gaske.

"A'a," ta ce, tana goge gilashin da gefen hannun rigarta. "Shekara arba'in, wannan ne kaɗai hotonsa da bakinsa yake rufe."